Wasiƙa Daga Bakin Tafkin Mishigan

Zuwa ga Kawu,

Ina fatan kuna lafiya, kai da iyali da dukan masuntan Yawuri.

Kawu, na fita su a Tafkin Mishigan da ke Amurka, kuma tun daga cikin jirgi nake ɗokin ba ka labari. Daga garin Ludington muka tashi da asuba, ni da wani abokina, tare da wani jagora mai hayar jirginsa ga baƙi. Kafin mu shiga sai da kowa ya nuna masa lasisin su.

A nan ba a jefa koma. Jirgi na tafiya a hankali, yana jan fatsa da yawa a baya, kowace da ɗan ƙarfe mai walƙiya a bakin ƙugiya. Dunƙulen darma ne ke nutsar da fatsar zuwa ruwa mai sanyi, inda kifayen salmon da tirawut suke kiwo. Da salmon ya kama tawa, sai zare ya riƙa warwarewa da ƙara, hannuwana na rawa. Jagora na cewa: "Bar shi ya gudu, in ya gaji ka jawo." Ƙarfinsa ya tuna min da giwan ruwa.

Tirawut ɗin da abokina ya kama yana da tabo zagayayye a gefen ciki. Aikin lamfare ne, wani kifi mai tsotsar jini da ya shigo daga teku, ya kusa ƙarar da tirawut a shekarun 1950. Shi kuwa salmon asalinsa na Tekun Fasifik ne. A 1966 hukumar jihar Mishigan ta fara zuba shi, don ya cinye wasu ƙananan kifaye da suka mamaye tafkin. Har yau ana ƙyanƙyashe 'ya'yan kifi ana sakewa, kuɗin lasisi kuma na taimaka wa aikin.

Abin da ya fi ratsa ni shi ne iyaka: kifi biyar ga mutum a rana. Muna cikawa, jagora ya naɗe fatsa alhali kifi na ci. Ya ce da kifin baɗi zai ciyar da iyalinsa.

Ka daɗe kana kukan masu ƙaramar raga da ke kwashe 'ya'yan kifi a Kainji. Gaskiyarka ce, Kawu. Don Allah kada ka gaji da faɗa wa Sarkin Ruwa da matasa.

Ka gaishe da Inna da yara. Allah ya ƙara albarka a sana'a.

Wassalam,
Ɗanka.