Hannu Ɗaya Ba Ya Ɗaukar Jinka

Yau ba ci gaban labari na kawo muku ba, ku yi min uzuri. Wata magana ce ta daɗe tana ci min tuwo a ƙwarya, wato karatun yaranmu masu buƙata ta musamman, kurame da makafi da masu nauyin fahimta.

Abin da muka taso muka gani shi ne a ware musu makarantarsu. Akwai ta makafi a Gindiri, jihar Filato, tun 1953, mu kuma a Kano muna da ta Tudun Maliki. Suna ƙoƙari, Allah ya saka musu. To amma guda nawa ne? Uwar da ke ƙauye, wa zai ce ta ɗauki ɗan shekara shida ta kai shi birni ta baro? Irin wannan ne ya sa a 1994 ƙasashe 92 suka taru a garin Salamanka na ƙasar Sifen tare da hukumar UNESCO, suka amince makarantar unguwa ta karɓi kowane yaro. A Janairun 2019 Najeriya ma ta sa hannu a dokar hana nuna wa nakasassu wariya.

Sai dai fa, mai karatu, shigar da yaro aji daban, koyar da shi daban. Ƙanwata uwa ɗaya uba ɗaya sanƙarau ya kama ta a annobar 1996, ta tashi amma jinta ya tafi. Aka mayar da ita firamaren unguwa. Shekara uku tana zaune a bayan aji tana kwafar abin da ke kan allo, rubutu tsaf kamar na ɗab'i, amma ba ta san me take rubutawa ba. Ban ga laifin malaminta ba, mutum ɗaya ne da yara sun cika aji har taga, kuma bai taɓa koyon maganar hannu ba. Daga nan ta zauna a gida.

Maganin da aka daɗe ana amfani da shi a Amurka shi ne malamai biyu a aji ɗaya. Ɗaya gwanin darasin ne, Lissafi ko Turanci, ɗayan ya karanci yadda ake koyar da masu buƙata ta musamman, ya iya maganar hannu ko rubutun makafi mai ɗigo shida. Wasu malamai biyu, Marilyn Friend da Lynne Cook, sun fayyace hanyoyi shida na yin hakan. Wani lokaci a raba ajin gida biyu, kowa ya koyar da darasi iri ɗaya. Wani lokaci ɗaya ya riƙe ajin, ɗayan ya ja 'yan kaɗan gefe ya maimaita musu. Wani lokaci kuma su tsaya tare gaban allo suna karɓa-karɓa.

Amma akwai sharaɗi. Kada malami na biyu ya zama ɗan rakiya, mai goge allo da tsawatar wa yara. Dole su zauna tare su shirya darasi, kuma kada a ji ɗaya yana cewa "yarana" da "yaranka". In aka yi haka an sake raba ajin ke nan, sai dai ba katanga.

Na san wani zai ce, Hajiya, malami ɗaya ma ya gagara, ina ga biyu? Gaskiya ne. Amma Kwalejin Ilimi ta Musamman da ke Oyo tun 1977 take yaye irin waɗannan malamai, Jami'ar Bayero da ta Jos ma suna da sashen. Ko ƙwararre ɗaya aka ba makaranta, yana iya zagaya azuzuwa a darussan da suka fi wuya. Ribar ma ba ta kurma kaɗai ba ce, yaron da ke kunyar ɗaga hannu shi ma ya samu mai duba littafinsa.

Iyaye, in an kira taron makaranta mu je mu tambayi hedimasta, wa ke koyar da yaron da ba ya ji? Allah ya sa mu dace, amin. Sai mun haɗu a ci gaban labarinmu.