Sifiri Guda Ya Hana Faifai Magana

Kwana uku wani dattijo mai maɗaba'a a Agege ta Ikko ya yi yana fama da tsohuwar kwamfutarsa mai MS-DOS 6.22 ta 1994. Tarihin marigayi mahaifinsa yana cikin faifan CD, manhajar da ke buɗe shi kuwa ba ta aiki sai a DOS.

Da ma DOS ba ta gane na'urar faifai da kanta. Sai an ambaci OAKCDROM.SYS cikin CONFIG.SYS, a kira MSCDEX cikin AUTOEXEC.BAT, sunan da ke bayan /D: kuma ya zo ɗaya. Ashe Alhaji ya rubuta MSCD001 a can, MSCD01 a nan.

Jikarsa ce ta hango. Da faifan ya buɗe, sai ya cire tabarau ya goge ido.