Yadda Na Koya wa Yara Rubuta Labarin Makarantarsu

Ni malamin yara ne a ƙasar Nariya, can kudu da Kano, wajen Rano da Kibiya. Na daɗe da alli a hannu, amma akwai darasi guda wanda ya fi kowanne ba ni wuya, watau koya wa yaro ya rubuta bayanin abin da ya sani, ba daɗi ba ragi.

Wata rana na ce da 'yan aji uku kowa ya rubuto mini labarin makarantarmu. Da na karɓi takardu na duba, sai na ga duk kirari suka yi mata. Wannan ya ce makarantarmu ta fi ta kowa kyau, wancan ya ce malamanmu sun fi na duk duniya ilmi. Wani ma har ya sako Gizo da Ƙoƙi cikin ajinmu. Na yi dariya, amma da na yi tunani sai na ga laifina ne. Yaran nan cikin tatsuniya da kirari suka tashi, ba wanda ya taɓa nuna musu akwai wata magana ta uku, wadda ake yi don mai ji ya san abu kamar ya gani da idonsa.

Kashegari na fitar da su waje, na ba su tambayoyi uku su riƙe: Me ka gani? Nawa ne? Wa ya gaya maka? Suka ƙidaya ɗakuna da tagogi, suka auna tsawon aji da taki, suka tambayi wani dattijo wanda ya ga lokacin da aka dasa itatuwan da muke shan inuwarsu. Da muka komo na ce a fara da sunan wuri da inda yake, sa'an nan abin da ke cikinsa, sa'an nan aikin da ake yi. Kowace magana da jimlarta, abin da ba ka tabbatar ba kuwa ka bar shi.

Bayan mako guda na sa su rubuta na makarantar allo. Nan fa alƙalami ya gudu, don kowa ya san ta ciki da bai. Suka faɗi yadda ake haɗa tawada da gawayi da ƙaro, da yadda ake fiƙe alƙalamin kara, da karatun dare a gindin wuta, da hutun Alhamis da Jumma'a. Na gaya musu cewa a 1909 ne Ɗan Hausa ya buɗe makarantar boko a Nasarawa ta Kano, a 1976 kuma gwamnatin tarayya ta fara ba da ilmin firamare kyauta ga kowane yaro. Na ce mun san waɗannan ne domin wani ya rubuta su da shekarunsu. Abin da ba a rubuta ba, mai shi yake bi zuwa kabari.

To, cikin ajin akwai wata yarinya wadda mahaifinta ya yi niyyar cire ta, ta koma talla. Shi kuwa bai daɗe da gama ajin yaƙi da jahilci ba. Ta kai masa takardarta, ya zauna gaban fitila yana bin ta da yatsa har ya kai ƙarshe. Da sassafe sai ga shi. Bayan mun gaisa ya ce, "Malam, ashe abin da kuke yi ke nan? Ni dā na zaci wasa da waƙa kurum ake yi. Ga shi ta faɗi ranakun lissafi, ta kuma ce su uku ne ke duba littafi guda. Nawa ne kuɗin littafin?" Ya saya mata nata, ba a ƙara maganar cire ta ba. Da kirari ta rubuta, da bai yarda ba, don ya san kirari kowa ma yana samu.

Ya ku 'yan'uwa da Allah ya buɗe muku ido da karatu bayan girma, wannan aiki ba na malami kaɗai ba ne. Idan ɗanka ya komo gida, ba shi takarda ka ce ya rubuta maka makarantarsu. Ka karanta a gabansa, ka yi masa tambayoyin nan uku. In ya yi kuskure kada ka tsawata masa, ka sa shi ya koma ya duba, gama gani ya kori ji. Icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya sa 'ya'yanmu su tashi masu faɗin gaskiya da baki da alƙalami, amin.