Ranar da na gina Dutsen Zuma a cikin roba

Jama'a, bari in tona wa kaina asiri. Na ci jogirafi a WAEC, na shigo jami'a a Gwagwalada, amma har na kai aji uku ban gane layukan kwanto na taswira ba. Hadda kawai na yi: in layuka sun matse, wurin yana da hawa a tsaye. Dalili kuwa, oho.

Da aka tura ni TP wata sakandare sai abin ya cim mini. Kwana biyu ina zana da'irori a allo, yara suna kallona kamar ina yaren China. Ga malamin da zai duba ni yana tafe ranar Alhamis.

Ranar Laraba na sauka a Giri na sayi yumɓu wajen mata masu tukwane. Na zaro tsohuwar naira 100, na kalli hoton Dutsen Zuma a bayanta, na mulmula irinsa a cikin robar wanki. Bai yi kyau ba, wallahi ya fi kama da malmalar tuwo.

A aji muka riƙa zuba ruwa da buta. Duk sanda ya hau gaɓar yatsa ɗaya, sai yaro ya ja layi da tsinke daidai bakin ruwan, ya zagaye dutsen. Da muka tsiyaye, na ce kowa ya leƙo ta sama. Ga kwanto nan ɓaro-ɓaro! A gefe layukan sun hau kan juna, don Zuma a miƙe yake kamar katanga. Can wajen ƙoli sun buɗe. Ni kaina a lokacin na gane, amma na dake.

Sai wata yarinya ta danna babban yatsa a gindin dutsen ta yi kwari, ta zuba ruwa, duk ya bi nan. Ta ce, "Malam, ashe haka aka yi da gidan yayata a Lugbe." Ambaliyar 2023 take nufi. Aji ya yi tsit. Sauran mintunan a kan inda bai kamata a yi gini ba muka ƙarar da su, abin da babu shi a takardar darasina.

Mai dubawa ya ba ni maki mai kyau, ya kuma yi mini faɗan taɓo a riga.

Yanzu mako mai zuwa girgizar ƙasa zan koyar, ina so in ɗauko ta Mpape ta Satumban 2018. Wa ke da dabarar nuna ta da kayan da ba su wuce naira 500 ba? Alawus ya ƙare.