Takalmin ayari

Tun zamanin kakanni, madugu kan duba tafin raƙumi kafin ayarin gishiri ya bar Agadas zuwa Fashi da Bilma. Kamiyo ya shigo sahu, amma ka'ida tana nan: lafiyar ƙafa ake fara tambaya.

Wani ɗan kasuwar Damagaram ya koyi haka a tashar Agadas. Ya sayo tayoyin gwanjo shida, zanensu raɗau, yana murnar jikkunan da ya tsimi. Tsohon direbansa ya durƙusa, ya shafa gefen ɗaya, ya nuna lambobi huɗu: 1412.

"Alhaji, mako na 14 ke nan, shekarar 2012. Roba tana tsufa ko ba ta taka ƙasa ba. Dubi tsagar nan."

Ya ce a rairayin Tenere sai an rage iska, taya ta baje, kada mota ta kafe. An hau tsakuwa kuwa, a mayar da iskar, in ba haka ba ta ɗau zafi ta fashe. Tsohuwar roba ba ta jure wannan. Ga kuma lambar nauyi, mai faɗin iyakar abin da kowace taya ke ɗauka.

Alhaji ya yi shiru. Mutum ashirin za su hau bisa kayan, har da ƙanensa, ruwansu kuma ƙidayayye ne. Araha ba ta ado.

Washegari ya sayi sababbi, ayari ya tashi. Na gwanjon kuwa, dukawa suka yanka su takalma.