Da sunana aka yi bara

Wanda aka sace wa waya nan take yake sani. Wanda aka sace wa kalmar sirri kuwa shi ne na ƙarshen ji. Ni a bakin goggona na ji labarin tawa satar.

Bayan la'asar ta kira ni, muryarta na rawa. "Ɗan nan, yaya mai jiki? An shiga tiyatar?" Na ce, "Goggo, wace tiyata?" Ta ce, "Ba kai ka rubuta wa ɗan'uwanka an kwantar da maiɗakinka ba? Ai har na ba shi kuɗin adashena ya tura." A lokacin maiɗakin nawa tana tsakar gida tana tankaɗen gari. Kafin magariba na gane wani ya shiga shafina na sada zumunta da akwatin imel ɗina, ya karanta tsofaffin hirarrakina, ya koyi yadda nake sallama da yadda nake kiran kowa, sannan ya bi dangi ɗaya bayan ɗaya.

Wani yaro mai gyaran kwamfuta a unguwarmu ne ya warware mini zaren. Da ya buɗe laftof ɗina sai ya nuna wata manhajar gyaran hoto da aka ɗora mini kyauta watannin baya, irin wadda ake fasa wa makulli don kada a biya. A cikinta aka cusa ɓarawon. Ba ya lalata komai, ba ya sa na'ura nauyi. Yana kwashe duk kalmomin sirrin da ka ce wa burauza ta riƙe maka, da lambobin katin banki idan ka ajiye, ya tura wa maigidansa. Har da 'yar shaidar nan da shafi ke bari a kwamfutarka don kada ya riƙa tambayarka kalmar sirri kullum. Wanda ya samu wannan shaida zai iya shiga a matsayinka, shi ya sa ko saƙon lambar tantancewa bai zo wayata ba.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne sana'a ce sosai, da dillalanta da farashinta. Masu ƙera manhajar haya suke bayarwa wata-wata, masu haya su tara bayanan mutane su sayar a dunƙule, mai saye ya zauna ya tsince. A watan Oktoban 2024 'yan sandan Holan da takwarorinsu na Amurka suka rushe cibiyar wata mai suna RedLine. A watan Mayun 2025 kamfanin Microsoft ya ce wata kuma, Lumma, ta kama kwamfutoci fiye da 394,000 cikin wata biyu kacal. Ana rufe wata, wata na buɗewa.

Akwai kuma hanyar da ba ruwanta da na'urarka. A 2013 aka yi wa Yahoo kutse, sai a 2017 aka bayyana cewa asusu biliyan 3 abin ya shafa. Bayanan da aka sace daga LinkedIn a 2012 sai a 2016 suka fito kasuwa, na mutum sama da miliyan 100. Ɓarayi kan ɗauki imel da kalmar sirri daga irin wannan tari su gwada a wasu shafukan, don sun san halinmu: kalma ɗaya ce ko'ina, sunan 'yar fari ko na garinmu, a liƙa shekarar haihuwa a ƙarshe. Yaron ya sa adireshina a shafin Have I Been Pwned, wanda wani ɗan Ostireliya, Troy Hunt, ya kafa a 2013, sai ga shi a cikin wani tsohon tari.

Na miƙa hannu zan canza kalmomin nan take, ya riƙe ni. "Yallaɓai, ba a kan wannan ba. Ɓarawon yana ciki, sabuwar ma zai ɗauka." Da wayar maiɗakina muka fara da imel, tunda ta nan ake sake kalmar sirrin sauran. Kowane shafi tasa daban, muka danna a fitar da duk na'urorin da ke ciki, muka kunna tantancewa mai mataki biyu, aka wanke laftof tas.

Wannan duk yini ɗaya ya ci. Na Goggo ne ya daɗe. Na kai mata kuɗin ta ƙi karɓa, wai ai ba ni na ci ba, sai da na haɗa ta da Baffa. Ba asusuna ɓarawon ya yashe ba. Yardar da dangi suka yi mini ya mayar kuɗi, kuma waɗanda suka fi ƙaunata su suka fi asara.

Don haka mai karatu, ka zauna da tsofaffin gidanku yau. Ka gaya musu duk saƙon neman kuɗi da ya zo da sunanka, komai gaggawarsa, kada su tura ko sisi sai sun kira sun ji muryarka.