Soson Da Na Wanke

Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin kimiyya na kolejinmu ya san akwatin gilashin nan na kusa da taga, inda 'yan kifaye su ke. Waɗansunku kuma sun tuna a zangon da ya wuce an wayi gari kifayen sun ragu, aka yi ta zargin kyanwar ɗakin dafa abinci. To, yau ina so in fid da kyanwar nan daga zargi, gama ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba. Ni ne na kashe su, da sabulu kuwa.

Ni dai a makarantar mishan na tashi tun ina ɗan shekara bakwai. Kowace Asabar a kan jera mu a duba farce da haƙora da kwanon cin abinci, wanda aka sami maiƙo a kwanonsa kuwa ranar ba shi da hutu. Saboda haka na girma da sanin cewa abu mai tsabta shi ne wanda aka cuɗa har ya yi ƙyalli. Da Malaminmu na kimiyya ya danƙa mini kula da akwatin, sai na ce a raina, yanzu za a ga aikin ɗan mishan.

Akwatin yana cin ruwa lita 60, da 'yan karfasa 12 a ciki waɗanda 'yan ajinmu suka kamo a rafi, kowace ba ta kai ɗan yatsa ba. A bayansa an rataya wani ɗan akwati na roba, shi ne matatar. Tana da bututu da ya sauka cikin ruwa, da ɗan farfela a gindinta mai aiki da lantarki. Farfelan ya jawo ruwa, ruwan ya bi ta cikin kayan da aka jera daga ƙasa zuwa sama, sa'an nan ya kwararo ta baki ya koma wurin kifaye. Kayan kuwa huɗu ne. A can ƙasa akwai soso mai manyan ƙofofi, bisansa wata farar auduga ta roba, sai ɗan buhun gawayi, a sama duka kuma 'yan zobba na tangaran masu kaushi.

Ran da na fara buɗe ta, abin da na gani ya tayar mini da hankali. Soson ya zama ruwan ƙasa, zobban duk sun yi yauƙi. Na ce, "Ashe haka aka bar bayin Allah cikin ƙazanta!" Ranar Asabar na kwashe kome na kai bakin famfo, na sa sabulu na cuɗe soson har ya koma launinsa na kanti, na goge zobban ɗaya ɗaya da tsohon buroshi, na shanya su a rana. Na zubar da audugar na sa sabuwa. Na mai da kayan yadda hannuna ya kai, zobba a ƙasa, soso a sama, na tafi ina jin daɗin kaina.

Ranar Talata ruwan ya yi hazo kamar an ɗiga masa madara. Laraba kifayen suka taru a sama suna buɗe baki. Ran Alhamis da safe na tsame huɗu matattu, na binne su bayan ɗakin tun ba wanda ya zo. Da maganar kyanwa ta taso na yi gum, kunyar wannan shirun kuwa ta fi mini ta kisan.

Malam bai tambayi kowa ba. Ya buɗe matatar, ya ɗaga soson ya sansana, ya dube ni ya ce, "Kai, wa ya yi wannan wanki mai kyau haka?"

Na ce, "Ni ne, Malam."

Ya ce, "A garinku akwai Fulani masu tallan nono?" Na ce akwai. Ya ce, "In za su kwantar da sabuwar madara, me su kan zuba mata don ta kama?" Na ce ɗan tsohon nono. Ya ce, "To, kai ka zubar da tsohon nonon ke nan."

Sa'an nan ya zaunar da ni ya fassara mini abin da na riga na haddace don jarrabawa ban gane ba. Kifi yana fitar da wata guba da a ke kira amoniya, yawancinta ta wurin da ya ke shaƙar numfashi a gefen kansa, kashinsa da ragowar abinci kuma in sun ruɓe su ƙara. A rafi ruwa ya kan tafi da ita, a cikin gilashi kuwa ba inda za ta je. Masu ceton kifin waɗansu ƙwayoyin bakteriya ne da ido ba ya gani. Kashi ɗaya su mai da amoniya naitirait, wadda ita ma guba ce, gama tana hana jinin kifi ɗaukar iska, shi ya sa nawa suka yi ta haki a sama. Kashi na biyu su mai da naitirait naitiret, mai sauƙin lahani, wadda mu ke ragewa in mun canja ruwa. Wani masani mai suna Winogradsky ne ya bayyana aikin irin waɗannan ƙwayoyi a 1890. Littafinmu ya ce kashi na biyun sunansu Nitrobacter, amma binciken da aka buga a Amurka a 1998 ya nuna cewa a akwatin kifi na ruwan daɗi Nitrospira ne su ke yawan aikin. Ku da za ku koyar da wannan darasi ku lura, littafi ma ya kan tsufa.

Ƙwayoyin nan ba yawo su ke yi cikin ruwa ba, mannewa su ke a jikin abu. Yauƙin da na ƙi jini shi ne garinsu. Zobban an yi su da kaushi da ƙananan ramuka domin su sami wurin zama da yawa. Ni kuwa na haɗa musu sabulu, da kulorin na ruwan famfo, da zafin rana, duk a yini ɗaya. In an hallaka su kuwa, kafin su sāke cika matata a kan yi mako huɗu zuwa shida.

Jerin ma ba ado ba ne. Abin da ruwa zai fara tararwa shi ne soso mai manyan ƙofofi, ya tare babban datti, audugar ta tare ƙanana, domin ruwan da zai isa zobba ya zo a tace, kada laka ta toshe ramukansu iska ta kāsa shiga. Gawayin yana tsotse wari da launi, amma bayan 'yan makonni ya ƙoshi, sai a canja shi. Malam ya ce ko babu shi kifi zai rayu, kuma in ana ba kifi magani dole a cire shi, in ba haka ba shi zai shanye maganin.

Da yamma ya zo da wani tsohon soso daga akwatin gidansa, cikin leda da ruwansa, baƙi ƙirin, irin wanda a dā ko da sanda ba zan taɓa ba. Muka sa shi a matatar. Muka hana kifayen abinci kwana biyu, kullum kuma ina ɗebe kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan in zuba wanda ya kwana a bokiti kulorinsa ya fita. Cikin mako uku ruwa ya washe. Takwas ɗin da suka rage suna nan, har sun fara faɗa a kan wuri.

Yanzu ga yadda na ke yi. Bayan kowane mako biyu na kan ɗebi ruwan akwatin a bokiti, in matse soson a ciki sau uku ko huɗu, in mai da shi da sauran duhunsa. Zobba sai in na ga laka ta yi yawa, in girgiza su cikin ruwan nan. Auduga kaɗai na ke zubarwa, kuma ba na taɓa kaya biyu a rana ɗaya. Abin da ya fi ba ni wahala shi ne ɗauke wuta. In ta daɗe ba ta dawo ba ƙwayoyin su kan rasa iska, sai in juye zobban cikin akwatin inda ruwa ya fi yawa. In ta dawo kuma, wani lokaci ruwan matatar ya tsiyaye, farfela yana ta gurnani a bushe, sai an zuba masa ruwa da moɗa kafin ya ja. Domin haka in kun gan ni ina gudu zuwa ɗakin kimiyya da dare, ba aljanu ba ne.

Har yanzu in na riƙe soson nan hannuna ya kan yi ƙaiƙayi, ina jin muryar mai duba kwanuka a kunnena. Ranar Asabar mai zuwa da ƙarfe huɗu zan matse shi. 'Yan aji ɗaya da za su gāji aikin su zo da bokiti, sabulu kuwa a bar shi a ɗakin kwana.